Ranar da Na Tona Asirin Yayata a Gaban Lokotoro

Ni mai mantuwa ce, maigidana shaida ne. Nakan ɗora tukunya in manta ban sa gishiri ba, nakan nemi makulli yana ɗaure a bakin zanena. Amma akwai rana guda da na tabbata ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, ita za ta rage. Ita ce ranar da na raka yayata asibiti aka ɗauki hoton mamanta, wato nononta, na buɗe baki a gaban baƙi na faɗi abin da ta hana ni faɗa. Tun da na yi wayo ban taɓa saɓa mata ba sai ran nan, kuma har yau ban yi nadama ba.

Sai na fara da Innarmu, don in ban faɗi nata ba, ba za a gane namu ba. Ciwon mama ne ajalinta, Allah ya jiƙanta. Ina kolej a lokacin. Ta daɗe tana ɓoye shi a ƙarƙashin zane, tana shafa magani a ɗaka, ba ta gaya wa kowa ba, don a ganinta wannan ba wurin da mace mai mutunci za ta buɗe wa wani ba ne. Sai da abin ya fashe, wari ya fara fitowa, sannan aka sani, aka kai ta asibiti suka ce an makara. Yaya ce ta yi jinyarta, ita ke wanke tsummokan. Bayan rasuwar kuma ita ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji. Shi ya sa a wurina ba yaya ba ce kawai, rabin uwa ce.

Yaya tana sayar da atamfa da leshi a Babbar Kasuwa, gidanta yana unguwar Kalley, ni kuma ina aure a unguwar Yantala. Mace ce mai baki. Za ta yi ciniki da wannan da Zabarmanci, ta juya ta yi wa wancan tsiya da Hausa, ta sallami na uku da ɗan Faransancinta na kasuwa, duk a numfashi guda. Ba ta kirana da sunana, sai Auta, in kuma tana son tsokana ta ce ƴar lakwal, wato ƴar boko.

Wata rana na je rumfarta sayen yadin kayan makarantar yara, sai na lura tana sauke bandir da hannun dama kawai, na hagun ta manne shi a jikinta. Da ta sunkuyo kusa da ni sai wani ƙamshi ya buge ni, na man kaɗanya haɗe da wani abu mai ɗaci. Shekaru sun shuɗe amma hancina bai manta ba, ƙamshin ɗakin Inna ne.

Na ce, "Yaya, mamanki na ciwo ne?"

Ta harare ni ta ce, "Wa ya aike ki? Yadi kika zo saye ko duba?"

Ban bar ta ba. Na bi ta har gida da yamma, na zauna mata a bakin gado, sai da ta gaji ta ce eh, na hagun yana yi mata zafi, yana zuwa yana tafiya. Ta ciro wani ɗan gwangwani daga ƙarƙashin katifa ta nuna mini. Wata mata ce a kasuwa ke haɗa shi, man kaɗanya ne da garin kwalli da alif da wasu saiwoyi, baƙi ƙirin. Kullum bayan sallar asuba take shafawa, kuma duka biyun take shafa wa.

Na ce, "To na daman me ya yi?"

Ta ce, "Ke ba ki san komai ba. In aka kore shi a nan, ai tsallakawa zai yi can. Sai a tare masa hanya."

A kwanakin nan rediyo na yawan maganar sankarar mama, ni kuma ba na rabuwa da rediyo in ina girki. A nan na ji akwai wata kilinik da mace ce lokotoron, wato likitar, suna ɗaukar hoton mama, kuma an kawo musu wani tsari a cikin ordinatar, wato kwamfuta, ƙirƙirarriyar basira suke ce masa, wanda ke taya lokotoro duba hoton, ya nuna mata inda ya kamata ta ƙara zuba ido. Ban fahimci yadda yake aiki ba, amma jin cewa mace ce za ta duba ya ishe ni, don na san shi ne abu na farko da Yaya za ta kafa hujja da shi.

Na yi lallashi, na yi wa'azi, na gaya mata malamarmu ta islamiyya kullum tana nanata mana neman magani ba ya warware tawakkali. Duk a banza. Abin da ya ci ta shi ne kuka. Na zauna a rumfarta ina hawaye, mata suna zuwa taya atamfa suna kallona suna wucewa.

Ta ce, "Ke Auta, tashi ki daina kore mini masu saye. Zan je. Amma sau ɗaya. In na sa ƙafa na fito daga wurin nan, kada ki ƙara yi mini maganar har abada. Kin ji?"

Na ce na ji. Duk wanda ya san Yaya ya san in ta ce sau ɗaya, to sau ɗayan ne, ko sama za ta haɗu da ƙasa. Don haka na san zuwan nan shi ne kaɗai damar da nake da ita, in ta lalace ba wata.

Da na je karɓar randebu, wato a sa mana ranar zuwa, an ja mini kunne cewa ranar hoto kada ta shafa komai daga wuya zuwa ciki, ba turare, ba hoda, ba mai. Na gaya mata ta ce to. Da ranar ta zo na ɗauki taksi daga Yantala na biya mata Kalley, na tarar ta sha ado kamar mai zuwa biki, leshi mai tsada da sabon hijabi. Muna shiga taksi, iska ta kaɗo, sai ga ƙamshin nan.

Na matso na ce a hankali, "Yaya, kin shafa."

Ta ce, "Na goge."

"Ai an ce kada a shafa ko kaɗan."

"Mai maganin ta ce in na tsallake rana guda, aikin baya duk ya rushe. Na shafa bayan asuba, na sa tsumma na goge tas. Kuma ki saurare ni da kyau." Ta kama hannuna ta matse. "Ko da wasa kada ki ambata musu. Kin san halinsu, da sun ji maganin gida sai su hau mutum da faɗa kamar ƴar da suka haifa. Ni ba wadda za ta tsaya ta yi mini tsawa da Faransanci."

Ba Yaya kaɗai ke haka ba, mu duka haka muke. Za mu sha jiƙo, mu yi hayaƙi, mu shafa abin da muka shafa, in mun je gaban lokotoro ya tambaya mu ce ba mu taɓa komai ba. Kunya ce da tsoron faɗa. Ni ma a lokacin na yi shiru, na ce a raina tun da ta goge, wataƙila ba komai.

Mai ɗaukar hoton wata matashiya ce Bazabarma, mai fara'a, Hausarta da ɗan karkace. Ta tarbe mu da "Fofo, Tanti," ta tambayi Yaya ko ta shafa wani abu. Yaya ta dube ta ido cikin ido ta ce ruwa da sabulu kawai. Suka shiga, ni aka bar ni a kan benci a bakin ƙofa ina jan carbi. Can sai na jiyo muryar Yaya ta cikin ƙyaure.

"Ke ƴar nan, hoto za ki ɗauka ko mai za ki tatsa? Wannan ai matsar tunkuza ce!"

Na ji matashiyar tana dariya tana ba ta haƙuri, tana cewa ta riƙe numfashi. Ni ma na yi dariya ni kaɗai, matan da ke kan benci suna kallona.

Bayan ɗan jira aka kira mu wurin lokotoro. Mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau, magana a hankali. A gabanta akwai manyan allunan ordinatar, hoton yana kai, launin toka da baƙi. Ko ni da ban iya karanta shi ba na ga wasu fararen ɗige-ɗige a warwatse, kamar an watsa gishiri a baƙin faranti, a dama da hagu, har zuwa hammata. An kuma zagaye wurare da dama da zane mai launi.

Yaya ta nuna da haɓa ta ce, "Wa ya yi waɗannan zane-zanen?"

Lokotoro ta ce, "Na'urar ce, Hajiya. Ita ke fara dubawa, ta zagaye duk inda ba ta yarda da shi ba, sannan ni in duba."

Yaya ta gyara hijabi ta ce, "Namiji ne ko mace?"

Lokotoro ta yi murmushi ta ce ba ko ɗaya, kuma ba fuskarta a hoton, ta kwantar da hankalinta. Sai ta cire tabarau ta juyo sosai. Ta ce waɗannan ɗige-ɗigen ba su kwanta mata ba. Yadda suka bi layin naɗin fata da hammata, sun fi kama da abin da ke bisa jiki, ba a ciki ba. Amma in da gaske ba a shafa komai ba, dole ta ɗauke su a matsayin na ciki, kuma hakan na nufin bincike mai yawa a ɓangarorin biyu.

"Hajiya, kin tabbata ba abin da ya taɓa jikinki yau?"

Yaya ta ce, "Ruwa da sabulu." A ƙarƙashin tebur ta ɗora ƙafarta a kan tawa ta danna.

Na dubi fuskarta. Abin da na gani ya fi komai ba ni tsoro. Ba ta ma ji rabin bayanin ba, idonta yana kan zane-zanen nan, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. A ranta ta riga ta yanke cewa ciwo ne ya cika ta. Ba ta haɗa shi da abin da ta shafa ba ko kaɗan, tun da a ganinta ta goge. Ta miƙa hannu ta ɗauki jakarta, ta miƙe.

Ta ce, "To, na zo, na gani. Abin da ya ci Inna ne. Allah ya sa mu cika da imani. Auta, tashi mu tafi."

Na san in ta taka bakin ƙofar nan shi ke nan. Za ta koma Kalley ta rufe ɗaki ita da gwangwaninta, ta jira mutuwa a kan abin da wataƙila ba shi ne ba, kuma na riga na yi alkawarin ba zan ƙara yi mata maganar ba. A gidanmu ƙarami ba ya ƙaryata babba, balle a gaban baƙi. Na yi bisimilla a zuciyata.

Na ce, "Madam, ta shafa. Man kaɗanya ne da kwalli da alif. Kullum take shafawa, duka biyun. Yau ma ta shafa, ta goge da tsumma."

Yaya ta juyo ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani ba. Ba fushi kaɗai ba ne, har da mamaki, kamar an ce mata bango ya yi magana.

Ta ce, "Ni? Ni kika mayar maƙaryaciya? Ni da na goya ki?"

Ina jiran lokotoro ta fara faɗan da Yaya ke tsoro, sai na ji ta sauke numfashi ta ce alhamdu lillahi. Ta ce kwalli dutse ne mai nauyi, hasken hoto ba ya ratsa shi, ko ƙwayar da ido ba ya gani ta maƙale a fata sai ta fito fari tas. Tsumma ba ya fitar da shi. Ta ce ita ma kakarta da irin wannan haɗin ta tashe su, ba abin kunya ba ne, abin da take so kawai a gaya mata. Ta nuna zane-zanen ta ce, "Kin ga ita na'urar ba ta san kwalli ba, ba ta san man kaɗanya ba. Abin da ta gani ta zagaye. Sai mutum ya gaya mana. Ki wanke mu sake ɗauka."

Yaya ta ce, "Ba abin da zan sake. Sau ɗaya na ce, na kuma yi."

Na sauka daga kujera na durƙusa na riƙe ƙafarta, ban damu da wa ke kallo ba. Na ce, "Yaya, hoton kwalli aka ɗauka, ba naki ba. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama in mun je gida. Ke kin iya, kin wanke tsummokan Inna. Ni wallahi ba zan iya wanke naki ba."

Ta daɗe a tsaye. Can ta ajiye jakar a kan tebur da ƙarfi ta ce, "Ina ruwan yake?"

Matashiyar nan ta kai mu wani ɗan ɗaki, ta kawo ruwan ɗumi a roba da sabulu da auduga. Yaya ta ce ba baƙuwar da za ta wanke ta, tun da ni na jawo, ni zan yi. Ban taɓa ganin jikin yayata haka ba. Na sunkuyar da kai ina wankewa, ita kuma ta kau da fuska tana kallon bango. Audugar tana fitowa baƙa, musamman a ƙarƙashi da cikin hammata, inda tsumma bai kai ba. Na tuna yadda take zaunar da ni a kan dutse ta cuɗe ni da soso ina ihu, tana cewa in tsaya ko ta ƙara. Sai ga shi yau ni ce da sabulu a hannu. Hawaye na zuba a cikin robar, ban bari ta gani ba.

Ita ce ta fara magana. Ta ce, "Cuɗa da kyau mana, ƴar lakwal. Ko wanka ba a koya muku ba?"

Aka sake matsar tunkuza, aka sake kiranmu. Wannan karon allon ya yi fes, gishirin nan duk ya tafi. Lokotoro ta sa Yaya ta kwanta, ta duba na hagun da ɗayar na'urar, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ta ce abin da ke yi mata zafi wata ƴar jakar ruwa ce, ba ta da haɗari, mata da yawa suna da ita. Yaya ta tashi zaune, fuska ta washe, baki ya dawo.

"Kin ji ko? Ruwa ne. Kin ɗaga mini hankali, kin rufe mini rumfa, kin kunyata ni, a kan ruwa."

Ni kaina na fara hamdala. Amma na lura lokotoro ba ta taya mu murna ba, ta koma gaban allon. A hoton na dama, can ciki kusa da ƙirji, zane guda bai tafi ba. Ta ƙara girman wurin, ta ƙara, sai ga wasu ƴan ɗigo a cure wuri guda, ƙanana ƙwarai, da ba don an zagaye su ba ni ba zan ce akwai wani abu ba. Ta sa aka ƙara ɗaukar wannan wurin shi kaɗai daga kusa. Suna nan.

Ta ce, "Hajiya, wannan ba kwalli ba ne. Yana ciki."

Yaya ta ce, "Na dama? Wanda bai taɓa yi mini ko ƙaiƙayi ba?" Ta laluba da hannunta ta cikin hijabi. "Ba komai a nan. Yanzu ƙarfe ne zai gaya mini abin da ke jikina wanda ni ban ji ba? Gaibu yake sani?"

Lokotoro ba ta yi gardama ba, sai ta tambaye ta me take sayarwa. Ta ce atamfa da leshi. Ta ce to in aka kawo mata atamfar jabu a cikin na gaske, tana ganewa?

Yaya ta ce, "Tun daga bakin rumfa. Ko taɓawa ba sai na yi ba."

"Gaibu kike sani?"

"A'a, ido ne. Abin da ya wuce ta hannuna ba shi da iyaka."

Lokotoro ta ce to ita ma na'urar haka take. An nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa, waɗanda aka riga aka san wanne ne ya zama ciwo, wanne ne bai zama ba, har ta saba da kamanninsu. Ba ta san gobe ba, abin da ke cikin hoton kawai take gani. Takan zagaye wuri a duba a tarar ba komai, shi ya sa ba ita ke yanke hukunci ba. Sannan lokotoro ta faɗi wata magana da ta sa na ƙara ganin girmanta. Ta ce hotunan da take karantawa a yini suna da yawa, masu wannan aikin kuma ba su da yawa a garin. Hankalinta yana kan na hagu, inda aka ce yana ciwo, kuma bayan abin da ya faru da kwalli, ba mamaki ta ɗauki waɗannan ƴan ɗigon a matsayin saura ta wuce. Ita kuwa na'urar ba ta san wanne ke ciwo ba, ba ta san an yi rigima a ɗakin ba, ko'ina kallo ɗaya take yi masa. Ta ce, "Ta nuna, na duba da idona, na kuma yarda da ita. Ina so in ɗebi ɗan abu kaɗan daga wurin da allura, a auna."

Yaya ta ƙura wa ɗan zanen ido. Sai ta ce, "To ashe ƴar kasuwa ce ita ma." Ta juyo gare ni. "Ke kuma daina yi mini wannan kallon. Zan dawo. Ba don ke ba, don wannan baiwar Allah da ba ta yi mini tsawa ba."

Ta dawo kuwa, aka ɗiba. Kwanakin jiran sakamako sun yi mana tsawo, amma abin mamaki hankalina a kwance yake. Na riga na ga yadda Allah ya jera abubuwan, tun daga ƙamshin da ya buge ni a rumfa har zuwa ƙafar da na riƙe, na ce wanda ya kawo mu nan ba zai bar mu a hanya ba. Sakamako ya fito, sankara ce, amma tana farkon farawa, ba ta bazu ba. Lokotoro ta ce da an jira har hannu ya iya jin ta, da labarin ya bambanta. Aka yi wa Yaya aiki aka cire ɗan wurin kawai, ba a taɓa sauran ba, daga baya ta yi ta zuwa ana haska mata wurin har aka ce ya isa. Ta sha wahala, ba zan ɓoye ba, ta rame, wasu ranaku ko kunu ba ta so. Na kwaso ta daga Kalley na kawo ta Yantala na yi jinyarta.

Duk tsawon lokacin nan ba ta taɓa tayar da maganar abin da na yi mata ba, ni ma ban tayar ba. Sai wata rana da hantsi, tana kwance a tabarma a inuwar dalbejiya, ina tsince shinkafa, ta kira ni.

"Ke, mai tonon asiri. Zo gyara mini matashi."

Na je na gyara. Ta riƙe hannuna ba ta saki ba. Ta ce, "Da Inna ta samu mai baki irin naki." Ba ta ƙarasa ba.

Yau Yaya tana rumfarta, da hannu biyu take sauke bandir, tana zuwa a duba ta lokaci-lokaci ba tare da na yi kuka ba. Duk macen da ta zauna ciniki, in ta ga ta ɗan manyanta, sai ta yi mata wa'azin hoto kafin ta yanka mata yadi. Nakan ji ta tana cewa su je da jiki a wanke, kada su shafa komai, in kuma sun shafa su faɗa, don akwai wata ƴar kasuwa a cikin ordinatar da ba a yi mata jabu. Kwalli kuwa yanzu a ido kawai take sa shi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, na'ura duk iyawarta ba ta wuce abin da aka nuna mata, lokotoro duk iliminta tana buƙatar a gaya mata gaskiya. Da na yi shiru don kunya, da kwalli ya rufe ciwon, da na'urar da lokotoron duk ba su amfane mu ba. Kunya ado ce ga mace, na yarda, da ita aka tashe mu. Amma wadda za ta sa mutum ya ɓoye ciwo ko ya ɓoye wa mai magani abin da ya sha ko ya shafa, na ga abin da ta yi wa Inna a ɗaka. Na saɓa wa yayata sau ɗaya a rayuwata, ga ta nan da ranta tana yi mini tsiya, ni kuwa kullum na ji muryarta sai in gode wa Allah.